Zakaran da Ya Yi Cara a Ƙuguna

Amana ce mijina Malam ya bar mini, ko kuwa tsokanarsa ce ta ƙarshe? Shekara biyu ke nan da rasuwarsa ina juya tambayar nan kamar waina a tanda, har yau ba ta nuna ba. Wanda zai ba ni amsa yana kwance a makwancinsa, Allah ya haskaka masa, ni kuwa ga ni nan, in na tuna shi in yi hawaye, in na tuna abin da ya ja mini in yi dariya har zanina ya kwance. Abin da dai ba zan taɓa mantawa ba, ko da sauran haƙorana sun ƙarasa zubewa, shi ne wata Asabar da na tara mutanen layinmu a tsakar gidana don in tsinka wani a bainar jama'a.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Falmata, malamar makaranta, ita ke riƙe da biro ina faɗa tana rubutawa. (Na ce mata kada ta sa mini kwalliya. Yadda na yi abin kunyata haka za ta rubuta shi.)

A Akurba muke, nan gefen Lafia, layin da mangwaro ya yi wa rumfa. Mu Barebari ne tun kaka da kakanni, amma layin namu kowa da kowa ne: Tibi, Eggon, Alago, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, famfo ɗaya muke sha. Da Malam ya yi ritaya daga aikin malamin gona, zama ya ishe shi, sai ya buɗe wa layin guruf a waya. Haihuwa, rasuwa, akuyar da ta ɓata, taransifoma ta ƙone, duk a nan ake ji. Shi ne babban admin, wato mai tsaron ƙofa, mai shigar da mutum da fitar da shi, mai share maganar banza. In mutum biyu suka yi cacar baki a ciki, sai ya cire su duka, ya ce ya aika su hutu. Da la'asar ya kira su gindin mangwaro, in dama musu kunun gyaɗa, su sha su shirya, ya mayar da su. Ba a taɓa kwana biyu da gaba a layinmu ba.

Ni ma ina ciki da tsohuwar wayata. Rubutu ba na gani sai kamar tururuwa, amma an nuna mini inda zan danna in riƙe in yi magana. To, wanda ya nuna mini wurin nan shi ya ɗauki alhakin jama'a. Malam dama Gidan Rediyo yake kirana. Ya ce ni tasha ce da ba a ɗauke mata wuta.

Da safen da za a kai shi asibiti ya miƙo mini wata sabuwar waya, hotonsa a fuskarta da hular nan tasa da ba ta taɓa zama daidai ba. Abin da ya faɗa a lokacin zan kawo shi a ƙarshe, in zuciyata ta bari. Kwana huɗu ya yi a can, bai ƙara magana ba, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai Falmata ta gano ya ɗauki muryarsa a ciki yana karatun Alƙur'ani, ta nuna mini inda zan taɓa. Daga nan kullum bayan asuba sai in kunna, in kalle shi, in saurare shi, in yi kukana, in kashe in mayar ƙarƙashin matashi. Ni a ganina akwatin hoto ce kawai. Ban san da layi a cikinta ba. (Ke ma Falmata da bokonki ba ki duba ba, saboda haka daina wannan murmushin.)

Ina cikin takaba guruf ya lalace. Wannan ya turo tallar maganin basir, wancan ya turo zagin ɗan siyasa, wata ta cika mu da hoton atamfa tun safe har rana ta faɗi. Abin da ya fi ci mini rai, wani ya sanar da rasuwar Baba Audu mai nama. Mata suka ɗauki tabarmi suka nufi gidansa suna salati, suka iske shi a ƙofar gida yana yanke farce. Ya ce, "Wa ya mutu?" Suka ce, "Kai." Saƙon nan ya kwana uku ba wanda ya share. Mutanen kirki suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suna zuwa gaisuwa suna gaya mini, wane ya fita, wance ta fita. Kowane na ji sai in ji kamar ana zare bulo daga ɗakin da Malam ya gina da hannunsa.

Na tambaya, wai ina masu tsaron ƙofar? Aka ce su huɗu Malam ya bari. Akwai Hedimasta, maƙwabcinmu Batibe, abokin darar Malam na shekara talatin, shi idonsa ya yi rauni, sai an karanta masa. Akwai Alhaji Sabo mai injin casar shinkafa, wanda ba ya duba waya sai in kuɗi ne ya shigo. Akwai Nas Laraba, an mayar da ita aiki Keana. Na huɗun kuwa lamba ce tsirara, ba suna ba hoto, tun da aka sa ta ba ta taɓa yin ko tari ba. An tura mata saƙo bai shiga ba, an kira an ji a kashe.

Nan fa Gidan Rediyo ya buɗe tasha.

Sauran ukun na san su, na san iyalansu, sai na ɗan rage musu. Amma wannan lambar da ba ta da fuska, ita na mayar jakar dukana. Na sa mata suna Kurman Admin. Kullum in na gama lazimi sai in danna in riƙe. "Jama'a, wannan admin ne ko turmin da aka kife? Kujerar nan gadon gidansu ce? Malam mutumin kirki ne, amma a nan kam ya yi zaɓen tumun dare." Wata rana har na ce, "In namiji ne, Allah ya shirye shi. In kuwa mace ce, wallahi ina tausaya wa mijinta, don irin wannan ko ruwan zafi ba za ta iya dafawa ba." Mata suka yi ta turo mini dariya. Ni kuwa kaina ya ƙara girma, ina jin kaina sarauniyar gaskiya.

Ranar sadakar arba'in Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, hularsa a hannu. (Shi kowa "ka" ne a bakinsa, mace da namiji.)

"Hajiya, ka yi haƙuri. Wannan lamba da kake magana, akwai wani abu a ciki..."

"Akwai lalaci a ciki, Hedimasta. Na sani. Ka gaishe mini da Mama Dooshima."

Bayan kwana kaɗan ya aiko matar tasa, ita Mama Dooshima, ƙawata ce ta ƙut-da-ƙut. Ta zauna ta ce, "Hajiya, Baba ya ce in gaya miki, wayar nan..." Na ce ai ni ma maganar wayar nake so mu yi, na ɗauko daga farkon lalacewar guruf har zuwa Baba Audu da farcensa. Sai da aka kira magariba ta tashi, ba ta ƙarasa jimlarta ba.

Da abin ya kai wata uku na ce a yi taro. Tun da mai takaba ba ta yawo, aka ce don girmama Malam a yi shi a gidana, Asabar bayan la'asar. Maza a kan benci gindin mangwaro, mata a tabarmi, ni a bakin ƙofa da farin mayafina da carbi, kamar mutuniyar kirki. Da asubar ranar, bayan na gama sauraron karatunsa, na kai hannu zan kashe wayar sai na fasa. Na ce, "Malam, yau kai ma za ka halarci taro. Ka ji yadda matarka za ta tsare maka gidanka." Na soke ta a ƙugu cikin zani, a kunne.

Ni na kawo dokar, da bakina. Na ce duk admin da ya kwana arba'in bai tsinana komai ba, a kira shi a gaban jama'a har sau uku. In bai amsa ba a tuɓe shi nan take. In an san shi kuma, ya ba layi haƙuri da muryarsa a guruf, sannan ya ciyar da taro sakwara da miyar agushi, doya kuma ba 'yar ƙanana ba.

Alhaji Sabo ya gyara babbar riga. "Hajiya, ba a yi wa mutane uzuri? Kowa fa da abin da ya sha masa kai."

"Alhaji, buhun shinkafa nawa ya ɓata maka a wata ukun nan ba ka sani ba?"

"Ko ɗaya."

"To ashe idonka na gani. Mu ne dai ba mu kai buhu ba."

Aka kwashe da dariya, Alhaji ya yi ƙasa da kai yana cizon leɓe. Aka ɗaga hannu, doka ta zauna. Hedimasta ya ba da uzurinsa na ciwon ido, aka karɓa. Aka kira Nas Laraba, ta ɗauka a bugun farko, ta ce ita ma nauyin ya ishe ta, a sauke ta da alheri, sakwara kuma a bi ta bashi sai ta zo hutu. Alhaji Sabo ya yi ta kame-kame har ya amsa laifi. Saura Kurma.

Hedimasta ya miƙe da sandarsa. "Jama'a, kafin a kira wannan, ina roƙo in ga Hajiya a gefe. Minti ɗaya."

"Babu gefe!" in ji ni. "Abin da ya faru a fili a fili za a gama shi. Ko ɗan'uwanka ne kake ɓoyewa, Hedimasta? Ko wani ɗan cocinku ne?"

"Hajiya, ka ji tsoron Allah, ka zo gefe."

"A kira! A sa a sifika kowa ya ji muryar marar kunya!"

Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce wani abu da yarensu wanda daga baya Mama Dooshima ta ce mini ma'anarsa shi ne ya wanke hannunsa. Ya miƙa wa Alhaji Sabo wayarsa. Alhaji ya danna. Tsakar gida ta yi tsit, har kana jin ganyen mangwaro.

Sai zakara ya yi cara.

Cara mai ƙarfi, kusa-kusa. Na ce, "Kai, wa ya bar kaji a sake ana taro? A kore shi!" Mata suka waiwaya, babu kaza ko ɗaya. Kiran ya katse. Na ce, "Kun gani ko? Ɗaya ke nan. A sake."

Aka sake. Zakara ya sake cara. A wannan karon na ji wani abu yana kaɗawa a cikina, zir-zir-zir, na ce a raina, shi ke nan, alalen da na ci da rana ya tashi. Na daure fuska na ce, "Wai wane marar tarbiyya ne ya zo taro bai kashe wayarsa ba?" Ban ga wanda ya taɓa aljihu ba. Ido kawai na gani, wajen arba'in, duk sun sauka wuri ɗaya. Na bi idanun da kallo. Ƙuguna ne ke haske ta cikin zani, yana rawa, yana cara.

Mama Dooshima ta matso ta ce a hankali, wanda duk layi ya ji, "Hajiya, zakaran a jikinki yake."

Jama'a, na haifi 'ya'ya tara, na san zafi. Ban taɓa jin gumi ya keto mini daga tafin ƙafa ba sai ranar. Na zaro wayar, ga Malam a fuskarta da karkatacciyar hularsa yana murmushi, wallahi kamar ya san abin da ake ciki. Baba Audu mai nama, wanda aka kashe da rai, shi ya fara. Ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki yana cewa, "Gara ni, mutuwa ɗaya aka yi mini!" Daga nan gida ya rushe. Mata na kifewa a kan juna, liman ya rufe fuska da rawani kafaɗunsa na girgiza.

Da aka ɗan lafa Hedimasta ya share ido ya yi bayani. Ashe sati biyu kafin ya kwanta, Malam ya je wurinsa da wayar, ya sa layin a guruf, ya mayar da lambar admin. Ya ce, "In ta Allah ta kasance, ka bari ta fita takaba, sannan a sa mata data a nuna mata. Ita ce za ta riƙe layin nan." Hedimasta ya ce, "Na ce masa, Malam, Hajiya fa ba ya karatu. Ya yi dariya kawai. Sau uku ina so in faɗa, Hajiya bai ba ni hanya ba."

Alhaji Sabo kuwa ranar sallarsa ce. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, akwai wani saƙo da nake so mu ƙara saurara don ilimi." Ya lalubo ya danna. Sai ga muryata, tas, tana cika gida: "In kuwa mace ce, wallahi ina tausaya wa mijinta..." Ya tsayar, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, ashe ya sha fama." Ya sake kunnawa. Sau uku ya kunna shi, mugun mutum.

Sannan ya ce, "Doka dai doka ce. Wata baiwar Allah ta ce babu uzuri. A tuɓe Kurma."

Sai lokacin abin ya sauka a zuciyata: wannan kujerar ita ce abu na ƙarshe da Malam ya ajiye da sunana, ni kuma da bakina na gina ramin da za a jefa ta. In na roƙa, na zama mai doka biyu. In na yi shiru, na zubar da abin da ya bar mini tun ban riƙe ba. Hawaye suka zubo, na ainihi. Na ce, "Ku tuɓe. Ni na faɗa."

Liman ya sauke rawani daga fuska ya yi gyaran murya. "Tsaya, Alhaji. Dokar cewa ta yi a kira sau nawa?"

"Sau uku."

"Nawa aka kira?"

Baba Audu daga ƙasa ya ɗaga yatsa biyu.

Alhaji Sabo ya dube ni. Na ga rowar shinkafa da kirkin maƙwabtaka suna kokawa a fuskarsa. Can ya ce, "Kai, Allah ya isa tsakanina da sakwarar nan," ya danna. Zakara ya yi cara a hannuna. Ban san inda ake ɗauka ba. Na danna nan, na shafa can, na kunna tocila, mata na ihu, "Kore, Hajiya! Ja koren!" Mama Dooshima ta kama yatsana ta ja. Na kai kunne, na ce da muryar da ban san ina da ita ba, ƙarama kamar ta amarya, "Salamu alaikum."

Alhaji, yana tsaye taku uku daga gabana, ya juya baya ya sa waya a kunne. "Wa alaikumus salam. Don Allah da wa nake magana?"

"Da Kurma ne, Alhaji."

"Ikon Allah! Kurma ya yi magana. Baiwar Allah, ina kika shiga wata uku?"

"Ina nan ina zagin kaina."

Aka yi tafi har kajin gaske suka firgita. Ba a tuɓe ni ba. Amma tun da aka yi mini sassauci, dole na janye wuƙata daga wuyan kowa. Aka gyara doka: wanda ya yi shiru a fara taka ƙafa a je gidansa a ji lafiya, don shiru ba kullum ne lalaci ba. Wani ciwo ne, wani ido ne, wani kuma bai ma san an ɗora masa kaya ba. In ya ce ya gaji a sauke shi da godiya. Haƙuri kuwa na ba da shi a guruf da muryata, shi ne saƙo mafi gajarta da na taɓa turawa. Sakwara ma ba a yafe ba. Washegarin fitata takaba turmi huɗu aka jera a gidan nan, Hedimasta ya kawo doya daga gonarsa ta hanyar Obi, Alhaji Sabo ya ci malmala biyar yana cewa a ƙaro don shi ne wanda aka zalunta.

Yanzu ni ke tsaron ƙofar, ni da shi Alhajin da wata matashiyar nas. Su suna karantawa, ni ina saurare. Na sa duk sanarwar rasuwa sai an faɗe ta da murya, an faɗi wanda ya gani da idonsa. Masu faɗa ina aika su hutu, in dama kunun gyaɗa. Waɗanda suka fita yawancinsu sun dawo. An kuma kafa dokar cewa saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma ba sai na gaya muku wa aka fara kamawa ba. Abin da na koya a tsufana shi ne, kafin ka ɗaga tabarya a kan ɓarawo, ka fara laluba ƙugunka. In kuma mutum ya ce maka "zo gefe", don girman Allah ka je.

Ko ya zaɓe ni ne don ya san ba zan bar gidansa ya rushe ba, ko don ya san aikin admin rabinsa sauraro ne, ya ce bari ya yi mini dabara daga kabari, wannan ne ban sani ba. Wataƙila da na ba shi dama, da na sani. Don safen nan, mota na jira a waje, ya miƙo mini wayar ya ce, "Zauna, akwai abin da zan gaya miki a kan wannan." Ni kuwa na hau faɗa: bai sha kunu ba, ya bar hular sanyi, wa ya ce ya ɓata kuɗi a kan waya, likitan nan ma ban yarda da shi ba. Ina yi ina cusa masa kaya a jaka har aka kama shi aka kai shi bakin mota. Ya zauna, ya leƙo ta taga, ya yi murmushin nan na cikin hoto. (Rubuta a hankali, Falmata, ki bar ni in share ido.) Ya ce:

"Ci gaba, Gidan Rediyo, ina jin ki. Shekara arba'in da shida ina jira ki kai aya, ban gaji ba. In kin gama, tawa ba ta da tsawo."